Noti Huɗu

A rumfata, gefen Kasuwar Dole,
inda inuwar bedi ke guduwa da azahar,
akwai buhu uku na matattun fitilu.
Ban saye su ba. Kawo mini ake yi
kamar yadda ake kai karaya gidan maɗori.

Barira ta zo daga Garin Malam
da fitilar hasken rana ƙulle a bakin zane.
Ta ce, "Mato, wata bakwai kacal.
Jaka huɗu na biya, kwasar adashena."
Na juya ta, na sake juyawa:
ba baki, ba ƙofa, ba gurbin noti,
an shafe ta da gam kamar kushewa.
Batir ne ya mutu, na sani,
abin da bai fi ɗan yatsa ba,
amma ba na kai gare shi sai na fasa,
in na fasa kuwa, sai wata.
Gilashi lafiya lau, ƙwai lafiya lau,
an binne su da rai tare da gawa.

Wa ya zana wannan?
Uwarsa tana zubin adashe?
Ya taɓa tsayawa a Sabon Gari
ran da ruwan damina ya gangaro daga duwatsu,
ya iske leda da roba sun toshe kwalbati,
ya juya, ya yi sallama a ɗakunan mutane?

Kakana baduku ne a Birni.
In ya haɗa takalmi, da gangan
yake barin ɗinki inda basilla za ta same shi.
Yakan ce mai gyara ma baƙonka ne,
bai dai iso ba tukuna,
ka bar masa ƙofa.
A gidansa ƙwarya ta fashe, a ɗinke.
Ta kuma fashewa, sakaina ce ta ɗiban wuta.
Ta ƙone, toka ce, gona na jira.

Sai na sami fensir da bayan kwalin shayi.
Na fara daga ranar mutuwarta,
na dinga takowa da baya.
Gangar jiki, Kalla maƙeri zai zuba
da gwangwanin lemo da ya narkar;
in ta tsufa ta koma wutarsa, ta fito ludayi.
Mariƙi, guntun fatar da majema ke yarwa.
Batir kuwa ɗakinsa daban, da murfi,
ya zo, ya yi kwanakinsa, ya ba wani wuri.
Noti huɗu, girmansu ɗaya,
waɗanda wuƙar yankan kuɓewa ke kwancewa.
Gam, ko ɗigo.

Tsahiru mai shagon gaba ya kama ciki:
"Kai ma naka notin ya kwance.
Abin da ba ya mutuwa,
wa zai dawo ya sayi wani?"
Na ce za su dawo da tsohon batir, in musanya.
Ya ce ribar nawa?
Na yi shiru. Har yau ina lissafin.

Ta farko ta yi nauyin turmi.
Ta biyu ruwa ya shige ta a daren farko.
Ta uku tana gidan Barira.

Shekaranjiya ɗiyarta, Laure,
ta kwance ta don ta ga inda hasken ke kwana,
noti ɗaya ya nutse cikin rairayi.
Da safe suka zo, uwar tana faɗa tun daga nesa,
yarinyar tana ɓoye bayan zanenta.
Na zazzago wani daga gwangwanin madara,
na miƙa mata tare da wuƙa.
Na ce, "Ke kika buɗe, ke za ki rufe."
Hannunta yana rawa. Ta murɗa. Ta danna.
Ta kama.

Buhuna uku suna nan yadda suke.
Bayan isha nakan jawo ɗaya,
in fasa a hankali,
in tsinci ƙwayayen da ba su mutu ba.